Ranar Ƙasashe Renon Ingila: me muke yi wa biki?

Malam Sani: Salamu alaikum jama'a. Gobe Litinin ta biyu a watan Maris za a taru a cocin Westminster a Landan, Sarki Charles a gaba, tutocin ƙasashe 56 a jere, har da tamu. Ni dai na ce wannan rana ita ce dai tsohuwar Ranar Daula da Turawa ke yi ran 24 ga Mayu don haihuwar Sarauniya Victoria, suna kawai aka sauya mata a 1958. A Maris ɗin 1903 sojojin Lugga suka ci Sakkwato, a Yuli suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Mu kuma yau mu yi ta tafi?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, tarihin nan ba wanda ya musa. Amma ƙungiyar Commonwealth ta yau ta wuce ta Victoria. Mozambik ta shiga a 1995, Ruwanda a 2009, Gabon da Togo a 2022, kuma ba Ingila ce ta mulke su ba. Da ƙafarsu suka zo. Ɗan Najeriya Emeka Anyaoku ya riƙe sakatare janar daga 1990 zuwa 2000, yanzu kuma 'yar Gana ce, Shirley Botchwey.

Malam Sani: Sakatare namu, shugabanci a gidan sarautar Ingila. Hajiya, ai kin san wa ke da gida.

Garba Direba: Ku bar dogon turanci. Ni abu ɗaya nake tambaya, ɗan ƙungiya yana shiga Ingila ba biza? Ƙanena ya biya kuɗin biza, aka hana shi, kuɗin ma ba su dawo ba. Tun Janairun 2024 kuma yawancin masu zuwa karatun digiri na biyu ba su da ikon ɗaukar iyali. Wane zumunci ke nan?

Hajiya Rabi: Garba, wannan gaskiya ce kuma tana da ciwo. Sai dai akwai tallafin karatun ƙungiyar tun 1959, malaman jami'o'inmu da dama da shi suka yi digirin digirgir. Kuma ɗan Najeriya mai izinin zama a Birtaniya yana jefa ƙuri'a a zaɓensu, ba sai ya zama ɗan ƙasa ba. Ɗan Nijar ko Chadi ba shi da wannan.

Issoufou Maraɗi: Ni daga gefe nake kallonku, Baba Sani. Mu tamu ranar 20 ga Maris ce, ta masu magana da Faransanci, kuma a Yamai aka kafa tushen ƙungiyar a 1970. Amma a Maris 2025 gwamnatinmu ta fice. Shinkafa ba ta sauka ba, ba ta hau ba saboda wannan.

Malam Sani: To ka ji! Ficewa ba ta kashe kowa.

Baba Ɗanlami: Sani, yi a hankali. Gambiya ta fice a 2013 zamanin Yahya Jammeh, da ya faɗi ta nemi komawa, aka karɓe ta a 2018. Mu ma an dakatar da mu a Nuwamba 1995 bayan rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas. Abacha bai fasa komai ba, na yarda, amma duniya ta ji, kuma sai ran 29 ga Mayu 1999 aka maido mu. Abin da matasa ba su sani ba, a cikin ƙungiyar nan Najeriya ta matsa wa Ingila lamba kan wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, har ta ƙaurace wa wasannin ƙungiyar na Edinburgh a 1986. A taron shugabannin ƙungiyar a ƙasar Samowa a 2024 an sa maganar diyyar cinikin bayi a takardar bayan taro, Ingila ba ta so. Wanda ya fita daga zaure wa zai ji muryarsa?

Malam Sani: Baba, ban ce a fice ba. Zama a zaure daban, shagali daban. A je taro a yi ciniki, amma kada a tara 'yan makaranta suna kaɗa tuta ba a taɓa gaya musu kisan da sojojin Turawa suka yi a ƙauyen Satiru a 1906 ba.

Hajiya Rabi: Wannan kuma laifin manhajarmu ne, ba na Landan ba.

Garba Direba: Wai ma ana ba da hutu gobe?

Baba Ɗanlami: Babu hutu. Ka fito da motarka da wuri.