Saurayin da ke shakka: a yi masa baftisma ko a dakata?

Malamin Aji, Zuru

Ina gaishe ku a cikin sunan Ubangiji, iyayena da 'yan'uwana. Ina koyar da ajin baftisma a wata ikilisiya da ke gefen Zuru, kuma a cikin waɗanda za a yi wa baftisma kafin Ista akwai wani saurayi mai natsuwa da ya zo mini da maganar da ta hana ni sakat. Ya ce yana furta Shaidar Bangaskiya tare da jama'a kowace Lahadi, amma idan ya kaɗaita sai zuciyarsa ta tambaye shi yadda Allah zai zama ɗaya alhali ana ambaton Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, tambayar da abokansa Musulmi suka sha yi masa a makaranta. Ya ƙara da cewa tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, addu'a ta yi masa nauyi a baki. Shin shakka irin wannan zunubi ce da za ta hana baftisma? Kuma mene ne amfanin aƙidar da Ikilisiya ta tsayar ga wanda hankalinsa bai kai gare ta ba?

Baba Fasto Mai Ritaya, Yawuri

Ɗana, ka gode wa Allah da yaron ya buɗe maka cikinsa, domin da yawa sukan shiga ruwa da irin wannan tambaya a ƙunshe, ba su faɗa wa kowa ba. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye masu shakka ba. A Yahaya sura 20, Toma ya ce ba zai yarda cewa Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya sa yatsa a gurbin ƙusoshi, kuma da Yesu ya dawo bayan kwana takwas bai kore shi daga cikin almajirai ba, sai ya miƙa masa hannuwansa, daga bakin Toman nan kuma aka ji an kira Yesu Ubangiji da Allah. A Matiyu 28:17, a kan dutse a Galili, an rubuta cewa almajiran sun yi wa Yesu sujada amma waɗansu sun yi shakka, kuma su ɗin ne aka aika su almajirtar da al'ummai. Yahaya Maibaftisma kansa ya aika daga kurkuku yana tambaya ko Yesu ne mai zuwa ko su saurari wani.

Game da addu'ar da ta yi masa nauyi, ka zauna da shi ku karanta farkon littafin Habakkuk, inda annabi yake tambayar Allah har yaushe zai yi ta kuka saboda zalunci ba a cece shi ba. Wanda aka ƙone rumbun mahaifinsa zai gane muryar nan. Zabura 88 ma ta ƙare a cikin duhu, ba tare da wata ta'aziyya ba, amma ba a cire ta daga Littafin ba. A ganina kada ku hana shi.

Katikis, Birnin Kebbi

Baba ya gama magana a kan Nassi, ni kuma zan taɓa tambaya ta biyu, Malam. Tambayar saurayin nan ta girmi kakanninmu, kuma ita ce ta haifi aƙidar da yake furtawa. A farkon ƙarni na 4, wani limami a Iskandariya ta Masar mai suna Ariyus ya koyar da cewa Ɗan Allah halitta ne, har akwai lokacin da babu shi. Gardamar ta raba ikilisiyoyi, sai sarki Konstantin ya tara bishop-bishop a Nikiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, a shekarar 325, suka tsayar da cewa Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, kuma zatinsa ɗaya ne da na Uba. A 381 taron Konstantinoful ya faɗaɗa maganar Ruhu Mai Tsarki, a 451 kuma taron Kalsidon ya furta cewa Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum.

Abin lura shi ne tarukan nan ba su yi da'awar sun bayyana yadda Allah yake ba. Sun kafa shinge ne irin na gona, suka ce wanda ya ce alloli uku ne ya fita, wanda ya ce Yesu mutum ne kawai shi ma ya fita, amma a cikin shingen akwai filin tunani mai faɗi. Agustin na Hippo, ɗan Afirka ta Arewa da ya rasu a 430, ya shafe shekaru masu yawa yana rubutu a kan Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kuma shi ne ya koyar da cewa a ba da gaskiya domin a fahimta. A koyarwarmu ta Katolika ana bambanta shakkar ganganci, wato ƙin abin da Allah ya bayyana da niyya, da shakkar da ke zuwa wa mutum ba da son ransa ba saboda wahalar al'amarin. Ta saurayinku irin ta biyun ce.

Dattijo, Gusau

Da izinin Baba, ina da ja kaɗan. Yakubu 1:6 ya kwatanta mai shakka da raƙuman teku da iska ke kaɗawa, kuma baftisma alkawari ne a gaban jama'a, a ƙasar da ɗaukar sunan Almasihu yake da tsada. Ban ce a kore shi ba, amma Ista ba ta ƙarewa a bana. Ku tambaye shi kai tsaye ko ya gaskata Yesu ya mutu dominsa ya kuma tashi, ko yana so ya bi shi ko da tambayoyinsa ba su ƙare ba. Idan ya amsa da zuciya ɗaya, a yi masa. Idan ya yi jinkiri, jira ya fi masa alheri da ya yi alkawarin da bai shirya ba don jin nauyin malaminsa.

Mama ta Zumuntar Mata, Zuru

Malam, ina ganin maganganu biyu ne a zuciyar yaron nan, kuma ta biyun ce ta fi ciwo, ko da yake ta farkon ce ta fi sauƙin faɗa. Mun karɓi iyalai da yawa da suka gudo daga ƙauyuka da tabarma da tukunya kawai, na kuma ga matan da suke zama a bencin baya ba sa buɗe baki a lokacin waƙa har tsawon watanni. Kafin ku kai shi gaban dattawa, ku bincika wa ya rasa a harin, a ina yake kwana, wa ke biya masa kuɗin makaranta. Idan kun yarda, ku turo shi gidana ranar Asabar da yamma, maigidana ma yana son ganinsa.