Lasisin Baba zai ƙare watan gobe

Auta: Salamu alaikum 'yan gida. Lasisin tuƙin Baba zai ƙare watan gobe, ya ce in raka shi a sabunta. Ni dai a ganina duk wanda ya haura 70 bai kamata a sabunta masa ba. Baba fa shekararsa 74.

Baffa: Wa alaikumus salam. To ni saura shekara biyu ke nan in kawo maka makullin motata? Babanku ya yi shekara 30 yana jan tirela daga Kano zuwa Legas, ko akuya bai taɓa takawa ba. Kai da ka fara tuƙi shekaranjiya, sau nawa aka yi wa motarka fenti?

Auta: Allah ya huci zuciyarku Baffa, ba da ku nake ba. Amma ran Juma'a bayan magariba ina zaune a gefensa ya goga ginshiƙin ƙofar gida, ƙofar da ya yi shekara 20 yana shiga. Ya fito ya daɗe yana duba wurin, sai ya ce wai magina ne suka matse ta.

Yaya Babba: Magina kuwa sun sha laifi! Amma Auta, ko a Ingila ba a ƙwace lasisi don shekaru. In ka cika 70 ka sabunta, daga nan duk bayan shekara 3, kyauta, muddin kana iya karanta lambar mota daga nisan mita 20. Marigayi Yarima Filip, mijin Sarauniya Elizabeth, har ya kai shekara 97 yana tuƙi.

Auta: Yaya ƙarasa labarin mana. Sai da motarsa ta kife a Janairun 2019 kafin ya miƙa lasisin. A shekarar ce kuma wani dattijo mai shekara 87 ya kashe uwa da 'yarta da mota a Tokiyo. A Japan in ka kai 75 sai an gwada ƙwaƙwalwarka kafin a sabunta.

Baffa: Gwaji ka ce, ba hanawa ba. Ka rushe maganarka da bakinka.

Anti Nas: Ku bar zancen shekaru. Tun bara Baba ke cewa fitilun manyan motoci na kashe masa ido a hanyar Zariya, kuma kun ga yadda yake kai carbinsa kusa da taga in zai ɗaura zare. Wannan ya yi kama da yanar ido, kuma aikinta ba ya kai awa ɗaya. A fara kai shi likitan ido. In an ce ya gani, a yi masa lasisin shekara 3, kada a yi na 5, don kafin na 5 ɗin ya ƙare ya kai 79. Kuma don Allah kada a ba wani ɗan tsakani kuɗi ya yo masa ta bayan fage.

Baffa: Wannan na yarda. Amma ku sani, motar nan ita ke kai shi jana'iza da ɗaurin aure. Wa a cikinku zai bar aiki ran Talata ya kai shi ta'aziyya Bichi?

Auta: Ni zan kai shi.

Yaya Babba: Na ajiye wannan saƙon, zan tuna maka. Saura mai gaya masa zancen likita.

Anti Nas: Baffa, ku ne yake jin maganarku.

Baffa: A'a, ni ƙane ne. Ku gaya wa Hajiya ta faɗa masa bayan ya ci tuwon dare.