Taƙaitawa: 'Yan sandan Niyu Zilan da al'ummomin Fasifik

Ga abin da na tattaro daga muhawarar da aka yi kan yadda 'yan sandan Niyu Zilan za su gyara alaƙarsu da mutanen tsibiran Fasifik mazauna ƙasar:

1. Kusan kowa ya ce tabon samamen asuba na shekarun 1970 bai goge ba: 'yan sanda da karnuka suna dukan ƙofofin 'yan Samowa da Tonga a birnin Okland, mutane na barci. Afuwar da Jacinda Ardern, firaministar ƙasar a lokacin, ta nema a 2021 ta yi, amma sai an gani a ƙasa.
2. A ƙara ɗaukar 'ya'yan al'ummomin Fasifik aikin ɗan sanda, masu jin yaren.
3. 'Yan sanda su riƙa zama da dattawan al'ummomin a coci tun rigima ba ta taso ba.
4. Kan duka a cikin iyali aka rabu. Wasu sun ce fasto ya sasanta, wasu sun ce hakan toshe bakin wadda aka doka ne. Ni ina tare da na biyun.