Wane bikin abinci na karkara ne ya cancanci a yi masa tattaki?

Bakatsine mazaunin Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Ni da abokaina muna adashe don mu riƙa fita sau ɗaya a shekara, kuma bana mun ce ba Abuja ba Legas. Garin karkara muke so, inda ake biki a kan abin da ƙasar ke bayarwa, ko kifi ne ko doya ko nono. Don Allah wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa ya faɗa mana abin da ya ci da abin da ya gani.

Ɗan Kabi:
Wa alaikumus salam. Malam, ku fara da bikin kamun kifi na Argungu. Tun 1934 ake bikin nan, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke adanawa. Wajen Fabrairu zuwa Maris ake yi, amma ku bari gwamnatin Kebbi ta sanar da rana, don ba kowace shekara yake samuwa ba. Ya taɓa tsayawa wajen shekara goma kafin a dawo da shi a 2020.

Ranar kamun kifin ita ce ranar. Kogin Matan Fada a hane yake duk shekara, ba mai jefa koma. Da an harba bindiga sai ka ga dubban masunta sun kwarara a guje, kowa da homa biyu da ƙaton gora, ruwan ya koma taɓo, makaɗa na bin su cikin kwalekwale. Na tsaya dab da inda ake awo na ga giwan ruwa da sai da ƙarti suka kama kafin a ɗora shi a sikeli. Na 2020 da ya zo na ɗaya kilo 78 ne.

Amma shawarata, kada ku tsaya a rumfar manyan baƙi. Ku bi bayan fili inda mata ke suya. Kifin da aka fito da shi yanzu, a tsarga shi, a jefa a man gyaɗa, a barbaɗa yaji, ku ci da hannu a tsaye. Da dare kuma ku nemi tuwon shinkafar Kabi da miyar kifi. In da sauran lokaci ku leƙa gidan tarihi na Kanta.

Hajiya mai kifi, Sakkwato:
Ɗana ɗan Kabi ya faɗi gaskiya, sai dai ya manta maganar masauki. Garin ba ya ɗaukar jama'ar. Ni a Birnin Kebbi nake kwana in yi sammako bayan asuba. Kuma kada ku sayi kifin banda a ranar kamun kifin, tsada take yi saboda baƙi. Ku jira washegari. Ku ɗaga kifin ku shinshina, ku danna cikinsa. In ya yi laushi bai sha hayaƙi ba, kafin ku kai Kaduna ya lalace.

Direba daga Tawa:
Ni In-Gal zan ce, yamma da Agadas, bikin gishiri da ake kira Cure Salée. A watan Satumba ne, ƙarshen damina, lokacin da Abzinawa da Fulani Bororo ke koro raƙuma da shanu su sha ruwan gishiri. Mutane na zuwa kallon sukuwar raƙuma da kwalliyar samarin Bororo, ni kuwa nono ya kama ni. Lokacin dabba ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa, nono ya wadata. Wata tsohuwa ta miƙo mini nonon raƙumi da ɗuminsa, kumfa har bakin ƙwarya, da ɗan gishiri-gishiri a harshe. Sai cuku, wanda suke shanyawa fale-fale a kan tabarma har zanen tabarmar ya fito a jikinsa. Ana cin sa da shayi, ana kuma daka shi da gero da dabino a dama. Wanda ya sha wannan da hantsi ba ya neman abinci sai dare. Shayi zubi uku ne, in an fara da kai kada ka tashi a na farko, rashin ladabi ne.

Yaya, magana ɗaya: ku tambayi halin hanya wurin mutanen Agadas kafin ku tashi, kuma ku bi ayari.

Malamar makaranta, Zariya:
Na yi bautar ƙasa a Kuros Riba, na ga Leboku a Ugep, bikin sabuwar doya da suke yi a Agusta. Yadda suke girmama doya ya burge ni ƙwarai. Gasasshiya da manja da barkono, sai sakwara mai danƙo. Ga Musulmi dai a kula, akwai bammi ko'ina, kuma a tambayi naman da ke cikin miya. Ni wurin 'yan'uwanmu Hausawa mahauta nake sayen nama in kai wa matar gidan da nake haya ta dafa mana.

Manomi daga karkarar Kano:
Duk kun tafi nesa. Ina kalankuwa? Bayan an gama kaka, an kai hatsi rumbu, ƙauyuka ke gayyatar juna. Ba allon talla, ba jawabin gwamna. Dambe da kokawa da yamma, kiɗan 'yan mata da dare, kowane gida da baƙi. Furar sabon gero tana da wani ƙamshi da ba za ka samu a ta kasuwa ba, balle a dama ta da kindirmo. Ga dafaffiyar gyaɗa da gurjiya, ga rake. Abin da ke ci mini rai, a ƙauyuka da yawa an daina, samari sun tafi cirani tun kafin a gama sussuka. In irinku masu fita za ku riƙa zuwa, ƙila masu gari su ga dalilin rayar da ita.

Bakatsine mazaunin Kaduna:
Allah ya saka muku da alheri. Mun tsayar da Argungu in an sa rana. Baba manomi, kalankuwa kuwa ba za mu bari ta wuce mu ba. Yaya ake sanin ranar?

Manomi daga karkarar Kano:
Ku je kasuwar ƙauye mafi kusa da ku in an fara shigo da sabuwar dawa, ku tambayi 'yan dambe ko makaɗansu. Su ake fara aika wa goro.