Na haɗa sabon kernel da kaina, Wi-Fi ya ɓace

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu Linux ku agaza min, kwana uku ke nan ina fama.

Kwamfutar ThinkPad T480 ce da ni, Debian 12 (wani nau'in Linux) a kanta da kernel (zuciyar Linux) 6.1. Karambani ya sa na sauko da 6.6 na haɗa da kaina, na bi ta make localmodconfig (umarnin da ke barin direbobin da ke aiki a lokacin kawai) don aikin ya yi sauri. Ta tashi lafiya lau, amma Wi-Fi ko alamarsa. lspci (mai jera kayan cikin kwamfuta) na nuna katin Wi-Fi ɗin, Intel 8265, ip link (mai jera hanyoyin network) kuwa babu shi sam. A dmesg (saƙonnin kernel), iwlwifi, direban katin, na kukan ya kasa loda firmware (manhajar da katin ke buƙata), kuskure -2, wato bai ga fayil ɗin ba, alhali na ga fayil ɗin da idona a /lib/firmware.

Abin da nake zargi: a menuconfig, inda ake saita kernel, na sa wa iwlwifi y (a gina shi cikin kernel) maimakon m (a bar shi daban a loda daga baya). Ko yana neman firmware ne tun kafin a buɗe faifan? In na mayar da shi m zai isa, ko sai na sake initramfs (ƙunshin fayilolin da kernel ke fara lodawa wajen tashi)?

Ga kuma wata. Na jona waya da kebul in ari data, shiru. Ba ta jone lokacin da na haɗa kernel ɗin, ko shi ya sa aka watsar da direbanta?

Idan na zaɓi 6.1 a GRUB (jerin zaɓin da ke fitowa wajen kunnawa), komai garau.