"Da tsohuwar zuma ake magani": ta dace da tsohon kwabo?

Ɗan Gwangwazo: Jama'a, a raba mana gardama. Yayana yana tara tsofaffin kwabban ƙasar Ailan na jan ƙarfe. Duk wanda ya ce masa ɓarnar kuɗi yake yi, sai ya ce "da tsohuwar zuma ake magani." Ta hau kuwa?

Malam Na-Liman: Ba ta hau ba, ɗana. Karin maganar tana nufin abin da ya daɗe kuma amfaninsa na nan, kamar tsohon amini ko shawarar dattijo. Kwabon da ba ya sayen ko ashana, wane magani zai yi?

Inna Ta-Kasuwa: Malam, a gafarce ni, ai darajarsa ta ƙaru, masu tarawa suna biyan kuɗi mai kauri.

Mai Tarihi: Inna, wasunsu tun asali ma ba zuma ba ne. A 1689 Sarki James na Biyu na Ingila, da aka tsige yana yaƙin ƙwato sarautarsa daga Ailan, ya rasa abin biyan sojojinsa, sai aka narka tsofaffin igwa da ƙararrawar coci aka buga kuɗi a Dablin, babban birnin Ailan, har da watan bugawa a jiki, wai in ya ci yaƙi za a canja wa mutane da azurfa. Aka ci shi da yaƙi a bakin kogin Boyne a 1690, kuɗin suka faɗi warwas.

Kwabban William Wood, wani Bature ɗan Ingila mai sana'ar ƙarfe, su ma haka. A 1722 aka ba shi izinin buga wa Ailan kwabbai, mutane suka ce ƙarfen banza ne. Isaac Newton, shugaban gidan buga kuɗin Ingila a lokacin, ya gwada ya ce suna da kyau, amma marubucin Ailan Jonathan Swift ya yi ta rubutu yana zuga jama'a su ƙi karɓa, har aka soke izinin a 1725. Yanzu kuwa nemansu ake.

Malam Na-Liman: To ka gani. Abin da aka ƙi tun yana sabo ba ya zama tsohuwar zuma.

Inna Ta-Kasuwa: Amma Malam, daga kwabo ɗaya aka ba mu labarin yaƙi guda. Wannan ba magani ba ne?

Malam Na-Liman: Wannan "kukan kurciya jawabi ne," Hajiya, wata karin maganar ce daban.

Mai Tarihi: Ɗan Gwangwazo, ka dai ce wa yayanka kada ya goge su da toka ko lemon tsami. Masu saye sun fi son su da duhunsu, gogagge farashinsa karyewa yake.