DJ ko masu ƙwarya? Muhawarar 'yan gida kan kiɗan wunin Auta

Yaya Babba: Assalamu alaikum. Tunda an tsayar da rana kuma an kama hol, saura maganar kiɗa. Ni dai ra'ayina a ɗauki DJ kaɗai, wuni da dina duka, a bar zancen masu kiɗan ƙwarya. DJ ya fi arha, kuma ya fi rufin asiri. Ciniki ɗaya za a yi da shi, a ba shi kafin alƙalami, ranar biki a cika masa, shi ke nan. Mai ja ya faɗa yanzu, kada sai an biya a zo ana ƙananan maganganu.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Ina da ja, Mai sunan Malam, babba ma kuwa. Wane arha? Masu ƙwarya kuɗin mota da goron gayyata kawai ake ba su, sauran a fili suke samu. Shi kuwa DJ ɗinka sai ka biya shi, ka biya mai ɗauko lasifikoki, ka sayi man janareta. Sannan wuni na mata ne. Me ya kawo ƙato da waya a kunne tsakiyar matan aure?

Yaya Babba: Allah ya ƙara girma, Gwaggo, ai kin faɗi abin da nake gudu da bakinki. "A fili suke samu." A wurin wa? A jakar baƙinmu. Idan DJ ne, duk abin da aka liƙa wa amarya ƙawayenta ne za su tsince su zuba a jaka, ya zama nata. Idan zabiya ce, kuɗin nata ne da 'yan amshinta. Ba mu biya daga aljihunmu ba, amma mun biya daga rabon Auta.

Anti: Ku tsaya, ni da nake uwar biki ni ya kamata a tambaya, don na ga duka biyun.

Abin da Babba ya faɗa akwai ƙamshin gaskiya. Zabiya ba ta shiga fili haka kawai. Tun kafin a kife ƙwarya za ta samu wata yarinya mai surutu a gidan, ta ja ta gefe: wace ce waccan mai jan leshi, matar wa ce, daga ina ta zo, mijinta me yake yi. Kafin a ankara ta haddace kowa. Da kiɗa ya yi zafi sai ka ji ta ambaci mace da sunanta da na ubanta da unguwarsu, 'yan amshi su ɗauka, a rangaɗa guɗa. To baiwar Allah nan wataƙila kuɗin adaidaita sahun komawa gida ne kaɗai a jakarta. Dole ta miƙe, tana murmushin yaƙe, ta zaro shi ta liƙa. Na ga wadda ta dawo kujera tana raɗa wa ta kusa da ita ta ranta mata na mota. Wannan ba ƙarya ba ne.

Amma shi ma DJ ɗin da kake yabo, ka taɓa juyawa ka kalli layin iyaye lokacin da yake aikinsa? Zaune suke jugum kamar masu jiran likita, kowa ta dafe kunne, ba mai jin maganar ta kusa da ita. Mutane sun taso daga Funtua, daga Zariya, wasu shekara da shekaru ba su haɗu ba, a hana su gaisawa saboda ƙara.

Ƙanwar amarya: Anti, ƙara ai ragewa ake yi. Kuma don Allah Gwaggo kada ki ji haushina, masu ƙwaryar kirki sun ƙare. Tunda Barmani Choge ta rasu a 2013, wa ya rage? Na yanzu rabinsu roƙo ne kawai.

Gwaggo: Ke rufe mana baki, yaushe aka haife ki? Don Allah ya karɓi ran Barmani sai aka ce ƙwarya ta bi ta? Ita ma a hannun wasu ta koya, wasu kuma sun koya a hannunta. Ki kuma lura da kyau: shi DJ ɗin naku, idan ya ga iyaye sun ƙi tashi, muryar wa yake sakawa? Tata. Nan take za ki ga tsofaffi sun gyara ɗauri sun fito.

Yaya Babba: To kin ga kin sake taimakona. Tana cikin filashi. Me za mu je nema?

Gwaggo: Filashi ya san sunanka? Ya san cewa kakar yarinyar nan ita ta yi wa rabin matan layinmu wankan jego? Ya san lokacin da dangin ango suka shigo, ya sassauta ya yi musu maraba da kirarin garinsu? Mai kiɗa da ido take kiɗa. Ta ga fili ya yi sanyi ta canza taki, ta ga uwar amarya ta fara hawaye ta juya waƙar zuwa addu'a. Kai kana kiran ambaton suna tozarci, mu a wurinmu karramawa ce. Mace ta yi ɗinki, ta yi gudummawa, ta kwana tana girki, sannan a tashi biki ba wanda ya ambace ta?

Matar Yaya: Gwaggo, ina neman afuwa, ni ba ta kuɗin nake ba. Habaici nake tsoro. Kin san waƙoƙin amada ba sa rabuwa da zancen kishiya da dangin miji. Mahaifin ango matansa biyu, kuma duka za su zo. Zabiya ta saki baiti ɗaya, ɗaya ta ɗauka da ita ake, a bar Auta da gyaran abin da ba ita ta ɓata ba tun ba ta tare ba.

Gwaggo: Habaici gishirin biki ne, 'yar nan. Amma na ji wannan. Ana ja wa zabiya kunne tun a gida, kuma tana ji, don tana son a sake kiranta.

Matar Yaya: Idan liƙi ya yi liƙi ba kowace ke tuna jan kunne ba. Wadda ta fi zuba kuɗi ita ke juya bakin zabiya.

Anti: Wannan kuma gaskiya ce tsirararta. Sai dai shi ma DJ hakan take. Abokan ango su matsa kusa da shi, su cusa masa wani abu a aljihu, sai ka ji an yanke waƙar da iyaye ke rausayawa an sako wata da ba za ka iya maimaita kalmominta gaban surukai ba. Ko wanne aka ɗauka, in ba a tsayar da mutum a kansa ba, masu kuɗin fili ne za su zaɓa mana kiɗa.

Kawu: Na karanta duka. Ba wanda ya tambayi abin da ya kamata a fara tambaya. Farin ciki a biki ba laifi ba ne. Ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta raka amarya gidan wani mutumin Madina, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye ta ko ba su da abin wasa, domin mutanen Madina suna son wasa. Duffi ma an yi rangwame a kansa ga mata. Sauran kayan kiɗa malamai sun yi saɓani, kowa ya san inda na tsaya, ba zan tayar da wannan a nan ba. Abin da ba saɓani a kansa uku ne: cakuɗuwar maza da mata, kalmomin batsa, da wuce lokacin salla. A wannan ma'aunin wunin Hajiya Gwaggo na mata zalla ya fi dinar Babba kusa da daidai. Dinar ce ma nake so a sake dubawa.

Yaya Babba: Kawu, dinar dangin ango ne suka nema, kuma su suka biya rabi.

Kawu: To a kashe kiɗa in an kira Magariba, kuma a tashi da wuri. Wannan bai buƙatar izinin kowa.

Ɗan Gwaggo: Ni dariya kuke ba ni, kuna ta rabon kuɗin liƙi tun ba a liƙa ba. Kun manta liƙin kansa laifi ne a doka? Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana watsa naira da taka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza ₦50,000 ba, ko duka biyun. Da ana ganin dokar a takarda kawai take, amma daga 2024 EFCC ta fara gurfanar da mutane a kai, kuma da bidiyon da 'yan biki suka ɗora da hannunsu ake kama su. Ga shi a nan Kano hukumar tace finafinai ta hana bikin ƙauyawa a 2025. Ido yana kan wuraren biki yanzu. Ni dai Hajiyata, in aka zo tafiya da ke, tuwo kawai zan iya kai miki.

Gwaggo: Ɗan banza. Uwarka za a kama?

Anti: Wasa yake amma maganarsa abin dubawa ce. A sa faranti biyu, ɗaya gaban amarya, ɗaya gaban masu kiɗa, kowa ya ajiye inda ya ga dama. Ba watsawa, ba takawa, ba yaran da za su yi ta rarrafe ƙarƙashin ƙafafun mutane suna tsinta. Masu canjin sababbin kuɗi da ke tsayawa a bakin ƙofa ma mun huta da su. Kuma hakan ya rage ƙorafin Babba, don rabon Auta ba zai bi zabiya ba.

Gwaggo: Faranti? Sai ka ce sadakar Juma'a. Daɗin abin ai a manna a goshi.

Ƙanwar amarya: Tunda ba wanda ya tambayi mai bikin, ga saƙonta, ta ce ita kunya take ji ta yi magana gaban su Kawu. Ba ruwanta da ko DJ ko ƙwarya. Abin da take so ɗaya ne: a yi musu waƙarsu ta kansu a situdiyo, da sunanta da na ango, da ita za su shigo hol. Duk ƙawayenta an yi musu.

Yaya Babba: Wani kuɗin kuma. Waƙar da za a ji sau ɗaya.

Ƙanwar amarya: Ba sau ɗaya ba, Yaya. Ita za a ɗora a kan bidiyon biki, ita za a yi ta sawa a waya.

Anti: Ni ban ƙi ba, amma ku san abin da kuke ɗaukowa. Mawaƙin situdiyo takarda yake karɓa, sunayen da aka rubuta masa su zai jera a kan kiɗan fiyano, bai san kowa ba. Zabiya in ta manta mutum, ana raɗa mata ta gyara nan take. Wannan kuwa in an buga an buga. Na san gidan da aka ambaci ƙannen uwa uku aka tsallake ta huɗu, har yau in waƙar ta tashi a wayar wani sai ta bar ɗakin. In za a yi, sunan amarya da ango da iyaye huɗu kawai. Kada a fara jera gwaggwanni.

Gwaggo: Ban gane kada a fara jera gwaggwanni ba.

Ɗan Gwaggo: Ga ta huɗun nan tun ba a shiga situdiyo ba.

Anti: Hajiya, ke ai zabiya za ta wuni tana kiranki. Bari ma in faɗi abin da ya sa na ce a tambaye ni tun farko. Ɗazu mahaifiyar ango ta kira ni. Kun san mutanen Maiduguri ba sa biki ba ganga kura, wato babbar gangar Barebari. Ta ce da makaɗansu za su taho, kuma suna so a ba su fili a wunin, ba a shagalinsu na dare da suke kira wushe-wushe kaɗai ba. Na ce sai na yi shawara, amma ban ga ta inda za a ce musu a'a ba.

Gwaggo: Alhamdu lillahi! Barebari su taso tun daga Borno da gangarsu, mu jikokin Fulani muna gida mu tare su da filashi? Wallahi sai sun shekara suna yi mana gori. Mai sunan Malam, ka ji dai.

Yaya Babba: Na ji. Amma ban sauka daga maganata ba, DJ ya fi arha, yanzu ma da makaɗa suka zama kashi biyu za ku gani a jakunkunanku. Ni DJ na dina zan biya, da waƙar Auta tunda ta roƙa. Masu ƙwarya kuma wanda ya gayyato su shi zai sallame su.

Gwaggo: Ni zan sallame su, ba yau na fara ba. Amma a wunin ban yarda in ga lasifikar DJ ba.

Ƙanwar amarya: Gwaggo, 'yan mata fa? Ko awa ɗaya a ba mu bayan La'asar.

Matar Yaya: Ai ba sai ya zo da kansa ba. A karɓi lasifika ɗaya, ke ki haɗa waƙoƙin a wayarki, Anti ta saurare su tukuna.

Ƙanwar amarya: Anti za ta cire rabi.

Anti: Fiye da rabi. Ki turo min su kafin Laraba, har da waɗanda za a ba DJ na dina, a rubuce, don ni zan zauna kusa da shi. Babba, kai kuma ka tambayi masu hol ƙarfe nawa suke kashe janareta, kuma ko suna barin a shigo da ganga. Maganar faranti ba mu gama ba, Hajiya, zan kira ki bayan Isha.